Cire Kan Tsohuwar Akori-kura: Abin Yi Da Abin Bari

Injin tsohuwar Hilux abin saye ne. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da kuɗinka, kafin la'asar an ɗora maka wani a kura. Giyabos ma haka. Abin da kuɗi ba ya samo maka a sauƙaƙe shi ne miƙaƙƙen kan mota, wanda ƙofarsa ke rufuwa da turi ɗaya, gilashinsa ya zauna ba sai an cusa masa tsumma ba. Shi kuwa kan, ranar raba shi da casis aka fi kashe shi. Ɗagawar ba ta da tsawo, kafin shayi ya huce an gama. Ɓarnar tana fitowa ne daga abin da aka ƙi yi a kwanakin da suka gabace ta.

Maganata a kan Hilux mai ƙofa biyu ce, samfurin 1978 zuwa 1997, mai fetur da mai gas, domin ita aka fi tsinta a bayan gidaje tayoyinta sun nutse cikin ƙasa. Mai Datsun ko Isuzu na wancan zamanin ma yawancin maganar ta shafe shi.

TUN BA A ƊAUKI SIFANA BA

Kada ka cire kan don ka ga wani ya cire. Ana raba shi da casis ne in casis ya tsage ko ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa, ko tsatsa ta cinye kafaɗun da yake zaune a kansu, ko za a kankare casis ɗin kakaf a yi masa fenti. In damuwarka fenti ce da kujera da robar ƙofa, bar shi inda yake. Motar da aka raba biyu ba ta tafiya, ba ta sayuwa da daraja, kuma garejojinmu cike suke da irinta: an buɗe da zafin nama, kuɗi ya yanke, yanzu kaji ke ƙwai a ciki.

Ka tabbatar motarka irin wadda kanta ke fita ce. Akori-kurar Peugeot 504 da ta fito a 1979 daga ƙaramar mota aka samo ta, mai gangar jiki guda. Kanta da ƙarafan da ke ƙarƙashinsa a haɗe suke da walda tun daga masana'anta. Akorin baya yana sauka, kan ba ya sauka. Tun da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975 kanikawanmu suka goge a kan motocin Peugeot, amma har yau sai ka ga an tura yaro ƙasa yana laluben notin da babu shi. Duk wanda ya ce zai cire maka kan 504, yanka yake nufi, kuma wannan wani aiki ne daban da ba a ba kowa.

Kada ka fara da damina in a fili za a yi aikin. Jira kaka.

Ka duba lambobi da takardu kafin ka taɓa komai. Lambar casis a buge take a jikin ƙarfen casis, galibi ta gaba a ɓangaren dama, sannan akwai ɗan faranti a jikin kan da ke ɗauke da ita tare da lambar samfuri. Haruffan farko suna gaya maka dangin injin da motar ta zo da shi: RN da YN na fetur ne, LN na gas. Ka kankare lambar da burushin waya, ka ɗauki hotonta, ka gwada ta da ta takarda. In kana da niyyar ɗora kan wata motar a kan wannan casis, ka san cewa faranti zai faɗi abu ɗaya, casis ya faɗi wani, kuma jami'in da ya tare ka a hanya ba labarin gyara zai saurara ba. Ka riƙe rasiɗin kan da ka saya, ka daidaita takardunka tun mota tana gareji. Kada mai walda ko mai fenti ya kusanci wurin lambar da giranda.

Ka fara korar waɗanda suka riga ka zama a cikinta. Motar da ta shekara a ajiye tana da masu gida: rina a bayan dashbod, kunama a ƙarƙashin kafet, ɓeraye a cikin kujera, wani lokacin har maciji a cikin ramin casis. Buɗe ƙofofi, buga jikin da sanda, haska tocila, sannan ka zura hannu.

Ka ɗauki hoton komai kafin a kwance shi, ka sake ɗauka bayan an kwance. Kowace waya a liƙa mata salatif a rubuta inda ta fito, a bakin nan da bakin can. Notunan kowane wuri su shiga ledarsu da takarda a ciki. Bakanike zai ce maka, "Alhaji, bar shi, duk yana kaina." Ƙila yana kansa yau. Bayan wata shida ya kwance motoci masu yawa, yaron da ya taya shi kuma ya koma ƙauye.

Kada ka bar ƙananan kaya a gareji, ko da na amininka ne. Motar da aka raba ita ce rumbun kowa. Ba sata ake kiransa ba, aro ne: a ari noti huɗu, a ari makunnin fitila, a ari hannun ƙofa don a sallami mai gaggawa, da niyyar mayarwa. Ba a mayarwa. Notunan Toyota na asali, masu kai 10, 12, 14 da 17, sun fi yawancin abin da za ka saya a madadinsu ƙarfi, kuma ranar haɗawa in ka ga noti mai kai 13 a jikin motar, to baƙo ne. Kwashe komai a kwali ka kai gida.

KWANCE-KWANCE

Ka cire batir da farko, ka fitar da shi daga motar gaba ɗaya. Ka fara da kan batir ɗin da ke da alamar ragi, wanda wayarsa ke ɗaure a jikin mota. In ka fara da ɗayan, sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsin da za ta yi ya isa ya narka bakinta ko ya fasa batir ɗin.

Ka sauke akori, sannan ka sauke tanki. Akorin ya tsaya dab da bayan kan, in yana nan ba wurin motsi, kuma ƙaramar karkata ta isa ta sa su gogi juna. Tankin kuwa a jikin casis yake, ba ya hana ɗagawa, shi ya sa ake ƙyale shi. Kada ka ƙyale shi. Aikin nan ba ya ƙarewa ba a kunna wuta ba, ko ta walda ko ta giranda. Kuma kada wani ya ce maka ai babu mai a ciki. Tankin da ba mai shi ne cike da tururin fetur, kuma tururin ke fashewa. A sauke shi a kai can nesa, a toshe bakin fayif ɗin mai. Wanda ya samu tsohuwar Chevrolet ta Amurka, samfurin 1972 zuwa baya, ya leƙa bayan kujera, domin nata tankin a cikin kan yake zaune.

Ka fitar da inji da giyabos in gyaran gaba ɗaya za ka yi. A waɗannan samfuran na Hilux, bangon ɗakin inji na hagu da dama da ƙarfen da ke riƙe lagireto duk a like suke da kan, tare suke tashi. In inji yana ciki, sai an ɗaga kan sama da tsayin injin kafin casis ya fita, kuma duk taƙin da aka ƙara sama haɗari ya ƙaru. Masu na'urar ɗaga mota mai ginshiƙi biyu suna yi da inji a ciki hankali kwance. Kai da ke ƙarƙashin bishiya ba su ba ne.

Ka yi wa sitiyari alama kafin ka raba shi. Sandar sitiyari ta kan ce, akwatin sitiyari na casis ne, suna haɗuwa a ɗakin inji a wata gaɓa mai haƙora. Miƙar da tayoyi, ja layi da fenti a kan gaɓar ta yadda zai hau ɓangarorin biyu, ka zare notin da ke matse ta gaba ɗaya, ba sassautawa kawai ba, domin yana ratsa wani gurbi a jikin sandar. Kada ka daki sandar da guduma. An yi ta ne ta shige cikin kanta in an yi karo don kada ta soki ƙirjin direba, kuma guduma ma karo ce a wurinta. Ka zuba mai, ka buɗa bakin gaɓar kaɗan, ka zare a hankali.

Kada ka yanke fayif ɗin birki ko na kuloci don ya ƙi kwancewa. Mastan birki da na kuloci suna jikin kan, fayif ɗinsu na gangarawa casis. Notinsu mai laushi ne, sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kusurwarsa nan take. Nemi irin wadda ke rungumar notin mai ɗan tsagi a baki. Tsiyaye man tukuna, ka toshe kowane baki, ƙura ba ta da wurin zama a cikin birki. Man birki yana cin fenti, in ya ɗiga a wanke da ruwa a take.

Sauran ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana sokewa a takarda: wayar totur, wayar cok in akwai, wayar mita da ke shiga giyabos, wayar hambirki, sandar giya da robarta, ƙaramar sandar in mai jan taya huɗu ce, tiyon hita biyu da ke ratsa bangon inji, tiyon iskar birki, wayoyin da ke bin casis zuwa fitilun baya da ma'aunin mai, bamba, da wayar at da ke haɗa inji da jikin kan. Kada riwaya ya sa almakashi ko a waya ɗaya. Kowace tana da mahaɗinta, a neme shi.

In tana da na'urar sanyi, a kira mai aikinta ya kwashe iskar. Kada a sassauta noti a bar ta ta fesa. Tana daskarar da fata da ido, kuma tsohuwar iskar R12 da yawancin motocin wancan lokacin ke amfani da ita in ta haɗu da harshen wuta guba take zama.

INDA AKE KASHE KAN

Ka yi waldar ƙasan kan tun yana zaune a kan casis. Wannan ita ce maganar da na fi so a ji, kuma ita aka fi ƙi. Fanel bita zai ce a sauke masa shi ya kifa ya ji daɗin aiki. Daɗinsa ne, hasararka ce. Casis shi ne ma'aunin da ke riƙe kan a siffarsa. Muddin notunan zama suna ɗaure, ginshiƙan ƙofa suna tsaye inda masana'anta ta tsayar da su, duk ƙarfen da aka yanke aka sa sabo a gurbinsa zai zauna. In aka sauke kan ƙasansa a ruɓe, aka yanke dandamalin da dokin ƙofa a ƙasa, sabon ƙarfen zai kama siffar da kan ya karkace ya ɗauka, ya riƙe ta har abada. Ranar mayarwa ramuka huɗu su hau, biyu su ƙi, sai a ɗauko wuta a faɗaɗa rami, daga nan ƙofa ta fara neman a ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu.

Ka ɗaga kafet ka soki ƙasan da sukuddireba, da ƙarfi, ba shafawa ba. Motocin da suka shigo daga Turai ta Kwatano sun sha gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara, tsatsarsu daga ƙasa take hawowa, ta cikin dokin ƙofa da kafaɗun zama. Waɗanda suka tsufa a nan arewa ƙarfensu ya fi lafiya, amma rana ta busar da robar gilashi, ruwan damina ya bi ta nan ya kwanta ƙarƙashin kafet, sai ka tarar da rami daidai inda direba ke ajiye diddige.

Ka ɗaure bakin ƙofofi kafin ka cire su, in ka ga ko alamar ruɓa. Kan da ƙasansa ya ci aka kuma cire masa ƙofofi kamar kwalin sabulu ne da aka buɗe bakinsa biyu, kana ɗan matsa shi zai kwanta gefe. A sa fayif mai kusurwa huɗu daga ginshiƙin gaba zuwa na baya a kowace ƙofa, a ɗiga masa walda, a gicciya wasu biyu a cikin kan daga hagu zuwa dama. A yi haka ƙofofi suna rufe, tazararsu daidai. Sannan a zana da ƙusa kewayen kowane maratayin ƙofa kafin a kwance shi. Gilashin gaba da na baya su fita, a jingine su a tsaye a ɗaki, kada a kwantar.

Kada a kunna walda kafet da kujera da sandararren kwaltan da ke manne a dandamali suna ciki. Bokitin ruwa da na yashi su kasance a gefe, da yaro ɗaya wanda ba shi da aiki sai kallon ɗaya ɓangaren ƙarfen.

Ka jiƙa notunan zama kwanaki kafin ranar. A mai ƙofa biyu shida ne: biyu a gaba ƙarƙashin mazaunin lagireto, biyu wajen ƙafafu, biyu a bayan kujera. Mai ƙofa huɗu ta fi haka, ka ƙirga da idonka. Kowanne yana ratsa dandamali, da roba ta sama, da kafaɗar casis, da roba ta ƙasa, ta cikin wani ɗan bututun ƙarfe, kuma a cikin bututun nan tsatsa ke kama shi. Man sassauta tsatsa safe da yamma, in babu ko kananzir. Soket mai kusurwa shida, mutum ɗaya sama ɗaya ƙasa. In ya ƙi, yanke notin da zarto ta tsakanin robar, noti abin saye ne. Kada ka hura masa wutar kabad, robar tana kamawa ta yi ta ci a inda hannu ba ya kai.

Ka adana abin da ya fito daga kowane gurbi daban, da washa da komai, ka rubuta gurbin. Robobin gaba da na baya ba lallai kaurinsu ɗaya ba ne, kuma washar da ka gani ita kaɗai a kusurwa ɗaya wani ne ya sa ta don ya daidaita ƙofa.

RANAR ƊAGAWA

Ka sa waigi gaba da baya a tayoyi. Ka tuna yanzu motar ba birki, ba hambirki, ba giya.

Kada ka zura sarƙa ta tagogi ka rataya kan da rufinsa. Bakin rufi ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba, sarƙa za ta naɗe shi ciki, kuma gaban kan ya fi bayansa nauyi, yana barin casis zai dunguri ƙasa da hanci. Daga ƙasa ake ɗaukarsa. A ɗaga da jak kaɗan kaɗan, da guntun katako tsakanin jak da ƙarfe, har a samu zura katakai biyu masu kauri, inci 4 da 4 ko fiye, ɗaya kusa da mazaunan gaba ɗaya kusa da na baya, su fito hagu da dama. Katako mai lafiya, ba mai gaɓa ko tsagi a tsakiya ba.

Kada ka dogara da reshen darbejiya. Ya ɗauki inji jiya ba hujja ba ce. In da sarƙar ɗaga inji za a yi, a rataya ta a ƙarfe mai ƙafafu da aka kafa a ƙasa mai tauri, a ɗaura majanyu masu faɗi a katakan, ba a jikin kan ba.

Kada ka ɗora shi a kan bulo. Bulo ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi gaba ɗaya. Durom na ƙarfe mai lita 200 guda huɗu, a daidaitacciyar ƙasa, da faffaɗan katako a kan kowanne, sun fi. Tsayin durom ya ɗara na taya, saboda haka casis zai wuce ta ƙarƙashin katakan. In ya ƙi da kaɗan, sace iskar tayoyin.

Ka ɗaga kan da faɗin yatsa biyu ka tsaya. Kewaya da tocila, ka leƙa ta kowace kusurwa. Kusan kullum akwai abu ɗaya da ya rage, kuma yawanci wayar at ce, ko ta mita, ko ta hambirki. In kan ya tashi ta gefe uku ya ƙi ta ɗaya, ba nauyi ba ne, wani abu ne ke riƙe da shi. Kada a ce a ƙara ƙarfi.

Mutum ɗaya ne ke magana. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, to ban da nan. Maza shida da suka san abin da za su yi sun isa. Taron 'yan kallo da kowa ke cewa "ɗaga nan, sauke can" shi ke sa gefe ɗaya ya riga ɗaya tashi. Kafin a taɓa, a faɗa wa kowa inda zai riƙe, inda za a ajiye, da kalmar da in an faɗe ta kowa zai tsaya cak.

Kada hannu ya shiga tsakanin kan da casis, ko don a ture waya. Sanda na nan. Kada yaro ya shiga ƙarƙashi don ya duba, komai ƙanƙantarsa, komai saurinsa. Yaran gareji ba sa musu in maigida ya aike su, saboda haka alhakin yana wuyan wanda ya aika.

Ka tura casis ya fita, ka bar kan a inda yake. Mai taya shi ke tafiya.

BAYAN YA RABU

Kada ka ajiye kan a ƙasa, kada kuma a kan tsofaffin tayoyi. A yi masa gadon katako da zai tokare shi a daidai mazaunansa, a ɗaga gadon daga ƙasa saboda gara, a rufe da tamfol. Rufin kan wurin wasan yara da awaki ne in an bar shi a fili, kuma loɓawar rufi tana cikin mafi wuyar fitarwa.

Ka auna casis a gicciye tun kafin fenti: daga ramin zama na gaba na hagu zuwa na baya na dama, sannan akasin haka. Awon biyu su zo ɗaya. In sun saɓa, motar ta taɓa cin karo ko an daɗe ana yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, kuma yanzu ne lokacin miƙar da ita. Ka ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma daga gaba har baya, musamman wajen maratayan sifirin. Ka zura tiyo ka wanke cikinsa, za ka sha mamakin yashin da zai fito.

Kada ka yarda a yanka maka tsohuwar taya a matsayin robar zama. Araha ba ta ado. Taya ba ta lotsawa yadda ake so, kaurinta ba ya zuwa ɗaya, kuma in babu bututun ƙarfen nan a tsakiya, matse noti zai yi ta janyo dandamali har ya tsage. Duk girgizar hanya kuma a ƙugunka za ta sauka.

Kada ka yi fentin ƙarshe sai ka mayar da kan ka gwada, da ƙofofi da bonet da madigadi. A saka notuna shidan duka a sake, a daidaita tazarar kan da akori hagu da dama, sannan a matse su bi da bi. A mayar da gaɓar sitiyari kan alamarta, a fitar da iskar birki da ta kuloci, a gwada birki a cikin gareji kafin a hau titi. A kankare fenti a inda wayar at ke zama har ƙarfe ya fito, domin in ba ta kama ba wutar sitata za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta mita, ta gasa su. Bayan mako guda ana hawa, a sake bin notuna shidan da soket, sabuwar roba tana zama.